Yadda Ake Hango Guguwar Dusar Ƙanƙara Tun Kafin Ta Rufe Hanya

A makon da ya gabaci Kirsimetin 2022, masu hasashen yanayi a Amurka sun riga sun san cewa babbar guguwa na tafe. Tun da sauran kwanaki, taswirorin da kwamfutocinsu ke fitarwa suna ta nuna abu guda. Iska mai tsananin sanyi za ta gangaro daga ƙuryar arewacin Kanada, ta ratsa tsakiyar ƙasar, ta tayar da guguwa a yankin manyan tafkuna, daidai lokacin da miliyoyin mutane ke ɗaure kaya za su tafi gida hutu. Ranar 22 ga Disamba, Shugaba Joe Biden da kansa ya roƙi masu niyyar tafiya su tashi nan take. Mutum fiye da miliyan 200 ne suka shiga ƙarƙashin gargaɗin sanyi ko na dusar ƙanƙara. Abin da aka ce zai faru kuwa ya faru, kusan a ranar da aka ce, a wuraren da aka ce. Duk da haka mutum 47 suka rasu a birnin Buffalo da kewayensa, aka soke dubban jirage, matafiya suka kwana a kan daɓen filayen jirgin sama. Don a gane yadda aka yi aka sani, da kuma inda sanin ya gaza, sai an bi aikin tun daga tushensa.

Tushen shi ne awo. Ba a iya faɗin abin da sararin sama zai yi gobe sai an san halin da yake ciki yau, kuma ba a doron ƙasa kaɗai ba, har can sama inda jirage ke ratsawa. Sau biyu a kowace rana, da ƙarfe 12 na dare da 12 na rana agogon GMT, wato ƙarfe ɗaya agogon Najeriya da Nijar, ma'aikata a ɗaruruwan tashoshi a faɗin duniya kan saki balan-balan. Ma'aikaci zai cika balan ɗin roba da iskar haidirojin ko hiliyom har faɗinsa ya kai kamar mita ɗaya da rabi, ya ɗaura masa igiya, a ƙarshen igiyar kuma ga wani ɗan akwati da bai fi a riƙe da hannu ɗaya ba. Sai ya fita fili, ko ana ruwa ko ana iska, ya sake shi. Balan ɗin na hawa kamar mita 300 a kowane minti, ɗan akwatin yana aiko da rahoton zafi, da danshi, da matsin iska, inda iska ta karkata shi kuma yana nuna ƙarfinta da inda ta dosa. Yana ƙara nisa yana ƙara kumbura saboda iskar waje tana raguwa, har ya kai wajen kilomita 30 a sama ya fashe. Ana haɗa wannan da abin da taurarin ɗan'adam ke ɗaukowa, da awon da jiragen fasinja ke yi a kan hanyarsu, da na jiragen ruwa, da na'urorin rada da ke ganin ruwa da ƙanƙara a cikin gajimare.

Dukan wannan awo ana zuba shi ne cikin kwamfuta. Dabarar ta girmi kwamfutar kanta. Wani Baturen Ingila, Lewis Fry Richardson, shi ya wallafa ta a 1922: a raba sararin sama gida-gida, a rubuta yanayin kowane gida da lambobi, sannan a yi amfani da dokokin kimiyya na motsin iska da zafi a lissafa yadda kowane gida zai sauya nan da ɗan lokaci, a maimaita, a sake maimaitawa. Da hannu ya gwada, lissafin sa'o'i shida kacal ya ci masa makonni, amsar kuma ta fito ba daidai ba. Sai a 1950 aka yi nasarar gwajin farko da kwamfutar ENIAC. A yau manyan masu wannan lissafi biyu ne aka fi ambata: na Amurka mai suna GFS, wanda ake kunnawa sau huɗu a rana, da na cibiyar ƙasashen Turai, ECMWF, mai hedikwata a garin Reading na Ingila. A lissafin Turai, faɗin kowane gida kamar kilomita 9 ne. Aikin yana inganta a hankali amma ba fashi, domin kusan kowace shekara goma ana samun ƙarin kwana ɗaya na hangen nesa. Hasashen kwana biyar na yanzu ya kai ingancin na kwana uku a shekaru ashirin da suka wuce.

Sai dai akwai wata katanga da kwamfuta ba za ta taɓa rushewa ba, komai ƙarfinta. Edward Lorenz ya nuna a 1963 cewa ɗan kuskure ƙanƙani a awon farko yana girma da tafiyar lokaci har ya sauya amsar gaba ɗaya. Awo kuwa ba ya rasa kuskure, balle a kan teku da yankin ƙanƙarar arewa inda tashoshi suka yi ƙaranci. Maganin da aka samo shi ne a daina dogara da lissafi ɗaya. Cibiyar Turai takan yi lissafin sau 51 a lokaci guda, kowanne an ɗan jirkita farkonsa kaɗan, gwargwadon kuskuren da ake zaton awo zai iya ɗauka. Amurka na yin nata sau 31. Idan kusan duka suka kai guguwar wuri ɗaya a rana ɗaya, mai hasashe zai yi magana da ƙarfin zuciya. Idan suka watse, wasu gabas wasu yamma, ya san lokacin yanke hukunci bai yi ba. Wannan ne asalin maganar nan da ake ji ta "kashi 70 cikin ɗari". A ganina wannan shi ne mafi gaskiyar abin da ke cikin ilimin hasashe, kuma shi ne wanda jama'a suka fi raina wa, don kunne ya fi son a ce masa "za a yi" ko "ba za a yi ba".

A Disambar 2022 lissafe-lissafen sun haɗu da wuri. Me suka gani?

Can sama, wajen kilomita 10, akwai wani kogin iska mai gudu daga yamma zuwa gabas, wanda ya raba iskar sanyi ta arewa da ta ɗumi ta kudu. Wani lokaci yakan tafi a miƙe, sanyin ya zauna a gidansa. Wani lokaci kuma yakan lanƙwaso kudu sosai, sanyin ya biyo shi. A wannan karon ya lanƙwaso har jihar Texas. Bakin iskar sanyin yana da kaifi ƙwarai. A garin Cheyenne na jihar Wyoming, ranar 21 ga Disamba, ma'aunin zafi ya faɗo daga digiri 6 zuwa digiri 16 ƙasa da sifiri cikin minti talatin. Inda irin wannan sanyi ya yi karo da iska mai ɗumi da danshi, mai ɗumin takan tashi sama tunda ta fi sauƙi, matsin iska a ƙasa ya ragu, iskar kewaye ta kwararo don cike gurbin, tana juyawa saɓanin hannun agogo saboda juyawar duniya. Iya saurin faɗuwar matsin, iya ƙarfin iskar. Idan ya faɗi da miliba 24 ko fiye cikin sa'a 24, masana sukan laƙaba wa guguwar sunan bam, ƙa'idar da Fred Sanders da John Gyakum suka tsara a 1980. Guguwar Kirsimetin ta cika wannan sharaɗi a kan manyan tafkuna.

Sanin cewa guguwa na zuwa bai wadatar ba, don mai tafiya abin da ya dame shi shi ne me zai sauko a kan hanyarsa. A nan awon balan-balan ke nuna amfaninsa. Idan iska tana ƙasa da sifiri tun daga gajimare har ƙasa, dusar ƙanƙara ce za ta zubo. Idan akwai wani faifan iska mai ɗumi a tsakani, dusar takan narke ta zama ruwa, in kuwa ƙasan nan da sanyi, ruwan yana taɓa kwalta ko wayar lantarki ko reshen itace sai ya daskare ya zama gilashi. Direbobi sun fi tsoron wannan, domin ido ba ya bambanta shi da jiƙaƙƙiyar hanya sai an taka birki. Bambancin digiri ɗaya ko biyu a sama kan raba gari da gari, wannan ya samu dusa, na kusa da shi ya samu gilashi.

Buffalo kuma tana da tata ƙaddarar daban. Birnin yana zaune ne a ƙarshen gabas na Tafkin Erie, wanda tsawonsa ya kusa kilomita 390, a kwance daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. A Disamba ruwan tafkin bai daskare ba tukuna, da sauran ɗumin bazara a jikinsa. Idan iska mai sanyi ta bi ta kansa, takan kwashi ɗumi da tururi, gajimare ya haɗu a jere, ya zo ya juye a gaɓa. Masu hasashe suna duba ko bambancin zafi tsakanin ruwan da iskar da ke kilomita ɗaya da rabi a sama ya kai digiri 13. Suna kuma duba inda iska ta fito, don in daga kudu maso yamma take, ta bi tsawon tafkin ke nan gaba ɗaya, kuma bakinta yana kan Buffalo. Zirin dusar da ke fitowa siriri ne, wani lokaci faɗinsa bai wuce kilomita goma sha ba. Unguwa ɗaya tana nutsewa, wata can gaba ana ganin rana. Manyan lissafe-lissafen duniya ba su cika kama irin wannan siririn abu ba, shi ya sa in lokaci ya matso ake komawa ga wani mai ƙananan gidaje na kilomita 3 da ake sabuntawa kowace sa'a, da rada, da kuma ƙwarewar ma'aikatan ofishin yankin da suka shekara suna kallon tafkin.

Daga nan sai sanarwa, kuma hawa-hawa take. Da sauran kwana biyu ko uku, Hukumar Yanayi ta Amurka takan ce a zauna cikin shiri, abu na iya faruwa. In ya matso kuma an tabbatar, sai ta fitar da gargaɗi. Gargaɗi mafi tsanani yana da sharuɗɗa a rubuce: iska mai gudun kilomita 56 a sa'a ko fiye, ganin gaba bai kai mita 400 ba, kuma hakan ya ɗore aƙalla sa'a uku. A lura, ba a ambaci yawan dusar ba. Iska da rufewar gani su ne ke kisa a hanya. Ofishin hukumar na Buffalo ya fitar da wannan gargaɗi tun kafin ranar, ya kuma bayyana guguwar a matsayin irin wadda ake gani sau ɗaya a zamani.

Me zai sa a ji irin wannan magana a yi jinkiri? Wani ɓangare na amsar yana cikin abin da ya faru a Janairun 2015. An yi hasashen dusa mai zurfin santimita 60 zuwa 90 a birnin New York, aka hana tuƙi, aka rufe jirgin ƙarƙashin ƙasa, abin da ba a taɓa yi saboda dusa ba. Guguwar ta zo da ƙarfinta, amma ta ɗan karkata gabas. Boston ta samu kamar santimita 60, New York kuwa wajen 25. Ta fuskar kimiyya kuskuren ƙarami ne. Ta fuskar mai shago da ya rufe, da ma'aikacin da ya rasa kuɗin yini, babba ne, kuma ba sa mantawa. Duk shugaban da zai ba da umarnin rufe hanya yana ɗauke da irin wannan tarihi a ransa.

Kamfanonin jiragen sama su suka fi kowa saurin aiki da hasashe, don lissafinsu na kuɗi ne. Tun 2010 dokar Amurka ta hana a tsare fasinjojin cikin gida a jirgin da ke ƙasa fiye da sa'a uku, tarar kuma bisa kan kowane fasinja take. Saboda haka sun gwammace su soke tashi tun da kwana ɗaya ko biyu, su ba mutane damar sauya rana kyauta, su kwashe jiragensu daga inda guguwa za ta sauka. Jirgin da zai tashi cikin sanyi kuma sai an wanke shi. Mota mai dogon wuya takan zo gefensa, ma'aikaci a cikin ɗan keji a sama yana fesa wani ruwa mai zafi, launin lemo, a kan fukafukai da wutsiya har ƙanƙarar ta narke ta zube. In dusa na ci gaba da sauka, sai a bi da wani kore mai kauri wanda ke manne wa fiffike. Dalili shi ne ɗan ƙanƙara kaɗan ya isa ya ɓata yadda iska ke bin fiffike, jirgi ya kasa ɗagawa yadda ya kamata. Koren ruwan yana da wa'adi, in layin tashi ya yi tsawo wa'adin ya wuce, jirgi ya koma a sake fesa shi. Haka filin da ke sallamar jirage da yawa a sa'a yake komawa sallamar 'yan kaɗan.

Ranar 23 ga Disamba kaɗai an soke tashin jirage fiye da 5,000 a Amurka. Yawancin kamfanoni sun farfaɗo cikin kwana biyu ko uku, ban da Southwest. Jiragensa ba sa komawa wata cibiya guda, sukan yi ta tsalle ne daga gari zuwa gari, don haka da sanyi ya tsayar da aiki a Denver da Chicago sai jirgi ya kasance a nan, matuƙinsa a can, ma'aikatan ciki a wani wuri. Tsohuwar manhajar da ke tsara ma'aikata ta kasa, ma'aikatan suka yi ta jiran waya na sa'o'i don kawai su faɗi inda suke. Kafin ƙarshen wata kamfanin ya soke tashi fiye da 16,000, matafiya kusan miliyan biyu abin ya shafa, da yawansu a garuruwan da ko ƙwayar dusa ba ta sauka ba. A Disambar 2023 Ma'aikatar Sufuri ta ci shi tarar dala miliyan 140. Wanda ya taso daga Legas ko Abuja zai sauya jirgi a Amurka a watannin sanyi, ya kamata ya duba yanayin garin da zai yada zango da na garin da jirginsa zai fito, ba na inda za shi kaɗai ba.

Hanyar mota ta fi wuya, don babu wani ofishi guda da ke riƙe da miliyoyin direbobi. Abin da hukuma ke iya yi kafin guguwa shi ne ta watsa gishiri ko ruwan gishiri a kan kwalta, saboda gishiri yana hana ruwa daskarewa da wuri. Amma ƙarfinsa yana raguwa sosai idan sanyi ya wuce kamar digiri 9 ƙasa da sifiri. Wannan guguwa kuma ta zo da mugun tsari, ruwan sama a gaba, sanyi a baya. Ruwan ya wanke abin da aka watsa, sanyin ya zo ya daskarar da ruwan cikin ɗan lokaci. A babbar hanyar jihar Ohio motoci wajen 50 suka yi karo da juna ranar 23 ga Disamba, mutum huɗu suka rasu.

Duk wanda ya taɓa tuƙi tsakanin Kano da Katsina ranar da hazon hunturu ya yi kauri, har jirage suka kasa sauka a filin Malam Aminu Kano, ya san yadda hanya ke ɓacewa a gaban mutum. To a ƙara wa wannan iska mai gudun fiye da kilomita 110 a sa'a, da sanyin da ke ƙona fatar da ba a rufe ba cikin mintoci, hazon kuma fari fat, yana taruwa a ƙasa har ya binne taya. Abin da ya sauka a Buffalo ke nan da safiyar Juma'a, 23 ga Disamba. Da asuba ruwa ake yi. Kafin hantsi ya ɗaga, direba ba ya ganin bakin motarsa. Haka aka shafe sa'a 37.

Dokar hana tuƙi a gundumar Erie, wadda Buffalo ke ciki, ta fara aiki da ƙarfe 9:30 na safe. A lokacin mutane da yawa sun riga sun fita. Juma'a ce, ranar albashi ga wasu, saura kwana biyu Kirsimeti, akwai mai zuwa aiki don in bai je ba ba za a biya shi ba, akwai mai neman abinci da magani don sai ranar kuɗi suka shigo hannunsa. Hukumomi sun ce sun jinkirta ne don ma'aikatan dare su samu komawa gida. Daga baya shugaban gundumar, Mark Poloncarz, ya ce shawarar tasa ce kuma ya ɗauki alhakinta. Hujjar ma'aikatan dare ba ta banza ba ce, amma ina ganin an yi kuskure, domin hasashen ya ba da isasshen lokaci da za a sanar tun daren Alhamis cewa gobe ba fita, masu kamfanoni su san ba za su kira kowa aiki ba. Muddin hukuma shawara kawai ta bayar, talaka ba shi da abin da zai nuna wa maigidansa. Doka ce ke ba shi bakin cewa ba zai zo ba.

Da motoci suka maƙale, sai suka toshe hanyar motocin share dusa. Motocin asibiti da na kashe gobara su ma suka maƙale, har aka kai lokacin da a wasu unguwanni in ka kira neman agaji ba mai iya zuwa. An tsinci wasu a cikin motocinsu, wasu a waje cikin dusa, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke, wasu kuma ciwo ne ya kama su agaji bai iso ba. Unguwannin marasa ƙarfi, inda baƙar fata suka fi yawa, su suka fi yin asara.

Shawarar da hukumomi ke ba wanda ya maƙale tana saɓa wa abin da zuciya ke raya masa. Zuciya na cewa ga gida can kusa, fita ka taka. Amma cikin farin nan mutum yakan ɓace a tazarar 'yan taku, sanyi kuma yana rage masa tunani tun kafin ya ankara. An fi so ya zauna cikin motar, ya kunna inji kamar minti goma a kowace sa'a don ɗumi, ya ɗan sassauta gilashi. Kafin kowane kunnawa kuma ya fita ya tone bakin salansa, domin in dusa ta toshe shi, hayaƙin yakan dawo cikin mota da wata guba marar wari wadda ke sa barci, mutum ya wuce daga nan. Bargo, da ruwa, da abinci, da cikakken tanki, da waya mai caji, tun ranar da aka ce a zauna cikin shiri ake tanadarsu.

Da guguwar ta lafa, dusar da aka auna a filin jirgin saman Buffalo ta haura santimita 130. Filin ya kasance a rufe daga 23 zuwa 28 ga Disamba. Sai da aka kawo sojojin jiha da manyan motocin haƙa daga wasu garuruwa, aka janye ɗaruruwan motocin da aka yasar a kan tituna, kafin aka ɗage dokar hana tuƙi a cikin birnin ranar 29 ga wata.